Ɓera Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Ƙarfe shida nake buɗe ɗakin gwaji,
sanyin Jos na cizon yatsu, makulli na gardama.
Ɓeraye talatin, farare fat, idanu jajur,
sun san takuna tun ban kunna fitila ba.

Ni ba likita ba ne. Mai wanke kwalabe ne ni,
mai auna dusa, mai canza ruwa,
mai rubuta abin da Dakta Kangyang ta ce a rubuta.
Amma shekarata tara a nan,
kuma wanda ya daɗe a bakin murhu
ya san ƙaurin tuwo kafin mai tuƙi ta juyo.

Ta ce maganin daji jarumi ne mara ido:
an aike shi yaƙi, ya je, ya yi,
a hanyar dawowa sai ya ratsa ta ƙoda
kamar garken shanu a fadamar dankali.
Mu shinge muke nema.

Muna neman sa a zogalen Farin Gada,
a ɓawon marke, a saiwar rawaya.
Mu shanya a inuwa, mu daka, mu jiƙa kwana uku,
mu tace, mu ƙafe,
buhu guda ya koma cokali ɗaya,
baƙi, mai danƙo, mai warin daji bayan ruwa.

Yayata Tabawa tana Lamingo,
gado na huɗu, kusa da taga.
Ita ta goye ni, ita ta saya mini takalmin makaranta
da kuɗin masa.
Yanzu ɗankwalinta ya yi wa kanta yawa.
Allura ta uku an ɗaga,
sun ce jini ya nuna ƙoda ta gaji,
ƙafafunta sun cika kamar tulu.

Ta ce, Tasi'u, ku da kuke dafa ganye,
ko a murfin kwalba ba za ka kawo mini ba?

Ranar Laraba na sa a aljihu.
Ban faɗa wa kowa ba.
Na hau keke daga hanyar Bauchi,
hannuna a kan ƙirji kamar mai rantsuwa,
kwalbar na ɗumi da zafin jikina.

A Taminus, cikin cunkoso, na tuna goma sha bakwai:
ya sha allura, ya sha ganye,
ya tashi yana tsere a keji, fitsarinsa garau.
Sai na tuna goma sha takwas.
Ganye ɗaya, cokali ɗaya, rana ɗaya,
ni na ɗauko shi da safe, a kumbure, a sandare,
ni na rubuta lambarsa da jan biro.
Har yau Dakta na juya takardu,
ba ta ce ta san dalili ba.

Yayata ba ta da lamba.
Ba ni da wata a keji na gaba.

Na ce da mai keke ya juya.
Ya yi tsaki, ya ƙara naira ɗari.

Da magariba na je mata da gwate a kula,
da gorar ruwa biyu.
Ta dubi hannuna, ta dubi aljihuna,
ba ta tambaya ba. Ta ce gishiri ya yi kaɗan.
Na ce haka likita ya ce.

Yanzu ina ƙirga mata kofin ruwa,
abin da ya shiga, abin da ya fita,
a bayan littafin da nake auna ɓeraye.
Gobe za a fara da sabon ganye.
Na wanke kwalabe tun dare,
na kife su a jere, suna ɗiga.